TSADAR MAGANI: DARASI DAGA TUDUN WADAR MINNA

Maganarmu ta yau a wannan fili ta shafi aljihun kowane ɗan Arewa mai neman abinci a Kurmi, ko a Agege yake, ko Mile 12, ko Idi Araba a birnin Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anaca da Fatakwal. Maganar kuwa ita ce kuɗin asibiti. Za mu ɗauki unguwar Tudun Wada ta birnin Minna mu yi awo da ita, domin abin da ke damun mutanenta shi ne ke damun yawancin unguwannin da muka baro a gida.

Duk wanda ya daɗe a Kudu ya san irin wayar nan da ake bugowa daga gida da tsakar dare ko da asubahin fari. Tsohuwa ta faɗi, ko matar ƙane naƙuda ta yi tsanani, ko yaro yana ta suma saboda zazzaɓi, an kai asibiti, likita ya rubuta takarda, an ce a kawo kuɗi. Mai dako ya karya ɗan abin da ya tara, mai shayi ya taɓa jarinsa, mai gadi ya roƙi maigidansa albashin watan gobe, mai sayar da dabbobi ya karyar da rago a kan rabin kuɗinsa. In an yi sa'a a ceto ran, amma jari ya tafi. In ba a yi sa'a ba, a rasa biyun.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wannan hanya ta biyan kuɗin magani, watau sai ciwo ya kwantar sa'an nan a shiga neman kuɗi, ita ce hanya mafi tsada da ɗan Adam zai iya bi. Gyaranta yana wuyan gwamnati, yana wuyan ma'aikatan asibiti, kuma wani kaso nasa yana wuyanmu mu da ke aika kuɗi gida.

INDA MUKE A YAU

Tudun Wada ba ƙauye ba ce da za a ce nisa ne ya hana mutanenta magani. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga, a tsakiyar babban birnin Jihar Neja, har ma mazaɓa biyu gare ta, Tudun Wada ta Arewa da Tudun Wada ta Kudu. Minna tana da Babban Asibiti, tana da Asibitin Ƙwararru na IBB, tana da asibitin mata masu haihuwa da jarirai na Jummai Babangida Aliyu, ga kuma asibitocin kuɗi da kantunan magani birjik. In abu ya gagara, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya a Bida, akwai Abuja. To, in mutumin da ke zaune kusa da waɗannan duka yana kwana da ciwo a ɗaki don ba ya da abin biya, ina ga mutumin ƙauyukan Mariga ko Mashegu ko Borgu?

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta don lafiya. Nijeriya da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe shekaru tana yawo a wajejen kashi 5. Giɓin da ya rage, talaka ne ke cike shi da guminsa.

Daga 2023 lamarin ya ƙara muni. Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ƙasar da ke shigo da kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunanta daga waje, galibi daga Indiya da Sin, ba ta da inda za ta ɓuya. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina gudanar da harkarsa da kansa a Nijeriya, a watan Nuwamba Sanofi ya bi sahu. Masu asma da masu ciwon sukari da masu hawan jini, waɗanda shan magani ya zame musu abincin kullum, su suka fi kowa ji a jika. Ba banza ba ranar 5 ga Fabrairu 2024 matan Minna suka fito suka tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan tsadar rayuwa. Macen da ta kasa sayen mudun masara, da me za ta sayi maganin ɗanta?

BA YAU AKA FARA NEMAN GYARA BA

Kada wani ya ɗauka ba a taɓa tunanin mafita ba. Tun 1962 Ministan Lafiya na wancan zamani, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa shirin doka na biyan kuɗin magani tun kafin ciwo ya zo, amma bai samu shiga ba. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa tushen lafiyar al'umma shi ne ƙaramin asibitin unguwa, da allurar rigakafi, da ruwa mai tsabta, da ungozoma mai horo.

Abin lura ga mutanen Minna shi ne, manyan matakai biyu na wannan tafiya a hannun 'ya'yan garinsu aka ɗauke su. A zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan kula da lafiya tun daga tushe, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka yi dokar jerin muhimman magunguna a 1989. A wannan lokaci ne kuma, a 1987, ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, watau a zuba wa ƙaramin asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan sauƙi, a juya kuɗin a sake sayo wani. Sa'an nan a watan Mayu na 1999, gab da miƙa mulki, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa doka mai lamba 35 ta inshorar lafiya ta ƙasa.

Amma fa dokar ta kwanta har 2005 kafin Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin, kuma da aka fara, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Manomi da ɗan tireda da mai tura baro suna waje suna leƙe. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a zuba a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa wa asusun kuɗi, Naira miliyan dubu 55. Jihar Neja tana cikin jihohi uku da aka fara gwada shirin a cikinsu da tallafin Bankin Duniya, sauran su ne Abiya da Oshun. A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello jihar ta kafa tata hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da NiCare. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu.

Dokoki kam ga su nan jibge. Duk da haka, a ƙarshen 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ce mutum kimanin miliyan 19 ne ke cikin shirin, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Watau ko ɗaya cikin goma ba a kai ba. To ina gizo ke saƙar?

INDA KUƊIN KE ZURAREWA

In muna son a rage tsada, sai mun bi sawun Nairar da muka aika gida mun ga inda take shiga.

Rami na farko shi ne jinkiri. Saboda tsoron kuɗin kati da na gwaji, mutum sai ya fara da jiƙe-jiƙe, ya koma wajen mai kemis a haɗa masa na Naira kaza, ya sha kwana biyu ya bari. Zazzaɓin cizon sauro da za a kashe da ƙwayoyin kwana uku sai ya zama na kwanciya a gado, da ƙarin ruwa, da ƙarin jini. Hawan jinin da ƙwaya ɗaya a rana za ta riƙe sai ya zama shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda mai bukatar wankin jini kowane mako. Mai ciki da ba ta je awo ba sai a kawo ta tana jijjiga, a shiga ɗakin fiɗa da gaggawa. Kuɗin da aka guje wa biya da fari sai ya dawo ya ninka sau goma ko fiye. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, haka kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen haihuwa. Da yawa daga cikinsu jinkiri ne ya kashe su, jinkirin kuwa rashin kuɗi a hannu ne ya haife shi.

Rami na biyu shi ne hanyar da magani ke bi kafin ya iso Tudun Wada. Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko, ya shiga hannun babban dila a Idumota ko Anaca ko Kano, ya faɗa hannun ƙaramin dila, ya hau mota zuwa Minna, ya isa kanti. Kowane hannu sai ya ɗora ribarsa, ga kuɗin mota, ga na shingayen hanya. A cikin wannan dogon zango ne kuma jabu ke kutsowa, abin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta yi ta yaƙi da shi a hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Wanda ya sayi jabu ya biya sau biyu, domin zai sake sayen na gaske, in ya rayu.

Rami na uku shi ne suna. Magani ɗaya yana iya fitowa da sunaye ashirin daga kamfanoni ashirin, sinadarin ciki iri ɗaya, farashi kuwa sama da ƙasa. In likita ya rubuta sunan kamfani maimakon ainihin sunan maganin, ya ɗaure majiyyaci da mai tsada, alhali manufar magunguna ta ƙasa cewa ta yi a riƙa rubuta ainihin suna.

Rami na huɗu namu ne, mu jama'a. Mun ɗauka in ba a yi allura ba, ko ba a rataya ledar ruwa ba, to ba a yi magani ba. Mun ɗauka kowane zazzaɓi maleriya ne haɗe da taifot. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin kuwa ɗigon jini ne da minti goma sha biyar zuwa ashirin. Gwajin taifot na Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji, likitoci sun san shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Ana ta sayen magunguna masu tsada don ciwon da babu shi, mai sayarwa kuwa ba zai ce a'a ba.

ABIN DA YA KAMATA GWAMNATI TA YI

Da farko, a tsayar da ƙaramin asibitin mazaɓa da ƙafafunsa. Jihar Neja tana da ƙananan hukumomi 25 da mazaɓu 274, tsarin ƙasa kuma shi ne kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai, wanda kuɗin asusun nan na tarayya ke shiga asusun bankinsa kai tsaye duk wata uku. A 2023 Gwamna Muhammad Umaru Bago ya ware ma'aikata guda ta kula da lafiya a matakin farko. Madalla. Amma abin da matar Tudun Wada za ta auna da shi ba sunan ma'aikata ba ne. Tambayarta ita ce, in naƙuda ta kama ta ƙarfe biyun dare, akwai ungozoma a bakin aiki? Akwai wuta? Akwai ruwa? Sabon fenti ba ya karɓar haihuwa. A ɗauki ma'aikata, a biya su a kan kari, a ba su masauki kusa da wurin aiki. Duk majiyyacin da aka warkar a unguwa, an rage cunkoso a Babban Asibiti, an kuma rage wa danginsa kuɗin mota da na jinya.

Na biyu, gwamnati ta zama babban mai saye. Jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya ta kafa kamfani guda a 1994 wanda ke saye wa dukkan asibitocin gwamnatinta magani a dunƙule, kai tsaye daga masana'anta, bayan an yi takara a fili an kuma gwada ingancin kaya. Farashi ya faɗi, har sauran jihohin ƙasar suka kwaikwaya. Jihar Neja tana da hukumar da ke kula da magunguna da kayan asibiti. A ƙarfafa ta, a hana 'yan kwangilar siyasa shiga tsakani, a biya masana'anta da wuri don su yarda su rage. In ma jihohin maƙwabta irin su Kaduna da Kebbi da Kwara za su haɗa odarsu da ta Neja, ragin zai fi haka. Wanda ya taɓa sarin goro a Shagamu ya san mai sayen huhu ɗari ba farashinsu ɗaya da mai sayen ƙwarya ba. Kuma a kiyaye abin da ya kashe shirin Bamako a wurare da dama, watau a ci jarin magani a yi wata hidima da shi, sito ya wayi gari wayam.

A watan Yuni na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umurnin ɗage harajin kwastan da na kaya daga injuna da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara biyu. Ragin da aka yi wa mai masana'anta, haƙƙin gwamnati ne ta bi sawu ta ga ya iso ga mai saye, in ba haka ba an yi wa mai ƙiba ƙarin kitse ne kawai.

Na uku, a kafa allon farashi a ƙofar kowane asibitin gwamnati, da Hausa da Nupanci da Gwaranci da Turanci: kuɗin kati kaza, gwajin jini kaza, gado kaza, haihuwa kaza, abin da yake kyauta kuma a rubuta kyauta ne. Kowane biya a ba da rasit. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka zaɓa. Alherin da mai shi bai san da shi ba, wani ne zai ci. Haka nan sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Mutum nawa ne a Tudun Wada suka san haka? A sa a rediyo, a faɗa a masallatai da coci-coci.

Na huɗu, a ɗinka rigar inshora daidai jikin mai sawa. Tsarin da aka gada daga shirin ma'aikatan tarayya ya san iyali da miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan ba gidan Tudun Wada ba ne, inda za ka tarar da mata biyu, da 'ya'ya tara, da tsohuwa, da marayun ɗan'uwa. A yi farashin gida mai sauƙi ga kowane ƙarin kai. A bar manomi ya biya da kaka in ya sayar da doya ko shinkafa, a bar ɗan kasuwa ya biya kaɗan-kaɗan ta waya kamar zubin adashi. Waɗanda ba su da ko anini, gwamnati ta biya musu daga asusun marasa galihu, hukumar zakka da masu hannu da shuni su ɗauki wasu. Kuma a biya asibitoci haƙƙinsu a kan lokaci, domin asibitin da ke bin hukuma bashi shi ne ke ce wa mai katin inshora magani ya ƙare.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Akwai masu cewa, ai gwamnati ta mayar da magani kyauta kawai a huta. Muna son haka, amma mu dubi maƙwabta. Jamhuriyar Nijar ta mayar da fiɗar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a tsakanin 2005 da 2006. Mata suka yi ta kai yara asibiti, mace-macen yara suka ragu. Amma gwamnati ta riƙa makara wajen biyan asibitoci, bashi ya taru, sito ya bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je kanti. Kyautar da ba a tanadar mata kuɗi ba, alkawari ce kawai. Ghana kuwa da ta kafa nata shirin a 2003 sai ta ɗora harajin kashi 2 da rabi cikin 100 a kan kayan saye don ciyar da asusun. Ita ma tana fama da jinkirin biya, amma kason mutanenta da ke da kati ya ninka namu nesa ba kusa ba. Darasin shi ne, a fara nuna inda kuɗin zai fito kafin a hau mumbari.

Akwai masu cewa inshora caca ce, addini bai yarda ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba abin yi wa dariya ba. Amma a duba yadda asusun yake: jama'a ne suka zuba gudummawa wuri guda da niyyar duk wanda ciwo ya kama a cikinsu a yi masa magani. Wanda shekara ta zagayo bai kwanta ba, ya gode wa Allah, kuɗinsa ya yi jinyar maƙwabcinsa. Malamai da dama sun halatta irin wannan tsari na taimakon juna, shi ne ake kira takaful, kuma Kano ma da sunan taimakekeniya ta kafa tata hukumar a 2016. Duk mai shakka ya tambayi malaminsa, ya kuma bayyana masa tsarin yadda yake.

Sa'an nan akwai masu cewa, mu ba mu yarda mu ba hukuma kuɗinmu ba, an sha mu mun warke. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba a rushe ta da baki sai da aiki. Amsarta ita ce sa ido. A tsarin asusun tarayya, kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba na mutanen unguwa, kuma shugabansa yana cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusun asibitin. To su wane ne 'yan kwamitin Tudun Wada ta Arewa da ta Kudu? Yaushe suka yi zama na ƙarshe? Nawa ya shigo, me aka saya? A manna lissafin a bango duk wata uku. Ita kuma hukumar jiha ta riƙa buga yawan waɗanda suka shiga, da abin da ta tara, da abin da ta biya kowane asibiti. In lissafi yana fili, yarda za ta zo da kanta.

NAMU KASON, MU MAZAUNA KURMI

Yanzu sai mu juyo kanmu. Gaskiyar magana, mu ne inshorar gidajenmu tun da daɗewa, sai dai inshora ce marar tsari, mai faɗowa kan mutum ɗaya a rana ɗaya. Mu yi lissafi na misali. In mutum 1,000 'yan Jihar Neja mazauna Ikko suka riƙa ajiye Naira 1,000 kowane wata, a shekara an tara Naira miliyan 12. Ba wanda zai ji zafin Naira 1,000 a wata kamar yadda zai ji zafin a ce ya kawo Naira dubu 300 kafin gari ya waye. Ba sabon abu ba ne gare mu: muna da adashi, muna da ƙungiyoyin 'yan gari, muna haɗa kuɗin kai gawa gida. In mun iya haɗa kuɗin makara da mota, me zai hana mu haɗa na magani tun mai rai yana da ransa?

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Ɗaya, duk mai zuwa gida da Sallah ko da kaka ya je ofishin NiCare a Minna da ƙafarsa, ya tambayi kuɗin shekara, da irin cututtukan da katin ya ɗauka da waɗanda bai ɗauka ba, da asibitin da za a haɗa iyalinsa da shi, sa'an nan ya yanka wa iyaye da mata da yara. Biyu, ƙungiyoyinmu na kasuwa da na unguwa, tare da sarakunan Hausawa na garuruwan da muke, su nemi a yi musu rajista a dunƙule, domin hukuma ta fi jin maganar mutum ɗari biyar da ta mutum ɗaya, kuma in aka wulaƙanta mai kati akwai mai bin kadinsa. Uku, kada mu manta da kawunanmu. Jihar Ikko tana da shirinta mai suna Ilera Eko, Jihar Oyo ma tana da nata, kuma na mazauna jihar ne. Ɗan acaba ko mai dako da ya karye a nan, wa zai aika wa gida kuɗi? Huɗu, in an bugo waya ana neman kuɗin magani, mu riƙa tambaya: an yi gwaji? Mene ne ainihin sunan maganin? Akwai irinsa mai lambar NAFDAC da ya fi sauƙi? An karɓi rasit? Tambaya ba rowa ba ce.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Chanchaga, na jiha da na tarayya, su matsa a yi yarjejeniya tsakanin jihohi yadda katin da aka yanka a Minna zai yi aiki a Ikko, na Ikko ya yi aiki a Minna. Mutanenmu matafiya ne tun zamanin fatake, tun kafin jirgin ƙasa ya haɗa Minna da Ikko da Kano. Ciwo ba ya tambayar mutum takardar asalin jiha kafin ya kama shi. Lokacin zaɓe kuma, in ɗan takara ya zo Sabo ko Agege neman ƙuri'a ko neman mu buga wa na gida waya, mu tambaye shi kashi nawa na kasafin kuɗi zai ba lafiya, kuma ungozoma nawa zai ɗauka. Mu rubuta amsar mu ajiye.

Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa albarka a neman da muke yi, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.